Ranar da Na Kori Mai Siyana

Gara in faɗa da bakina tun kafin wani ya riga ni: wawa ɗaya ne a wannan labari, kuma ni ne. Na duba ko zan sami wanda zan yaga wa rabi, ban samu ba. Jikokina sun ɗauka da furfura da hikima aka haife ni. Furfurar dai gaskiya ce.

A shekarun da aka buɗe wa 'yan Afirka ƙofar Libiya, ana ta kiran mu 'yan uwa a rediyo, na baro Damagaram na sauka Sabha don in huta in wuce gaba. Hutun nan bai ƙare ba har sai da na aika aka kawo mini matata. Karatuna na lakwal, wato boko, aji huɗu ne. Malaminmu ya ce wa mahaifina kaina ya cika, kada a ƙara. Ni dai yabo na ɗauke shi, kuma har yau ban janye ba.

Na sami aikin gadi a wani ƙaramin asibiti a unguwar Gurda, na wata likitar mata 'yar ƙasa da kowa ke ce wa Daktora. Ita kuma "ya Haj" take ce mini, ko da yake iyakar gabas ɗin da na taɓa zuwa ita ce kasuwar raƙuma. Da matan magina da na 'yan kasuwa Hausawa suka yi yawa, ba Larabci a bakinsu, sai na zama tafinta. Larabcina a kasuwa na tsince shi: nawa ne, rage mini, ga 'yan sanda nan. Da shi nake fassara ciwon mara.

Sai Daktora ta sayo na'urar duba juna biyu, wadda mata suka raɗa wa talabijin ɗin ciki. Awarwaronta na zinariya ta sayar ta ba da kafin alƙalami, sauran tana biyan wani kamfani a Tarabulus kaɗan-kaɗan. Ranar da aka kafa na'urar ta zaunar da ni, ta ɗaga yatsu uku, ta ce bakin na'urar nan uku ne, kowanne ta tsara abin da za ta riƙa sa masa. Na farko, cikon kuɗinta duk wata. Na biyu, takardar hoto da man da ake shafawa a ciki. Na ukun ban ji ba. Gyaɗa kai nake yi irin na manyan ma'aikata, kuma wannan aiki ne mai cin hankali, ba a haɗa shi da sauraro. Abin da na kama shi ne maganarta ta ƙarshe: kada a sayi sabon abu ko na sisi, sai na'urar ta biya kanta.

Daga ranar na naɗa kaina ministan tattali. Shawarata ta farko ita ce a bar sayen man shafawar nan daga nesa, tunda yauƙi ake nema, kuma ga kuɓewa a kasuwa. Daktora ta dube ni, ta daɗe tana duba na, sannan ta ce in je in share tsakar gida. Na gane hassada ce, na daina kawo shawara, na koma aiki a ɓoye. Da ta juya baya sai in kashe na'urar sanyaya ɗakin in buɗe taga, tunda iskar Allah kyauta ce. In an tashi aiki kuma in lulluɓe na'urar da wani tsohon jan bargona, kada ta yi mura.

A wannan lokacin matata tana da ciki. Shekaru muka yi muna nema. Sau biyu Allah ya ba mu, ya karɓi abinsa tun ba mu gan shi ba. Wannan karon ta ɓoye har sai da zane ya ƙi rufewa, kuma cikin ya yi girman da ya wuce watanninsa, ƙafafunta suka kumbura. Tsoro ya hana ta barci, ya kuma hana ta yarda a duba, wai kada a nuna mata abin da ba za ta iya ɗauka ba. Da ƙyar Daktora ta shawo kanta. Aka tsaya a kan cewa in Daktora ta dawo daga bikin ƙanenta a Zigan, za ta duba ta da hannunta. Matata ta ce in ba ita ba, babu mai ɗaga mata riga a garin nan.

Daktora na can wurin biki sai ga wani dogon mutum da jaka, duk ya yi buɗu-buɗu da ƙurar hanya. Ya yi sallama, ya nuna ɗakin na'ura, ya ce, "Siyana, ya Haj."

To, ku yi mini adalci. 'Yan kasuwar Sabha duk sun koyi kalma ɗaya ta Hausa, da sun hango mu sai ka ji "siya, siya!" Me kunnen Bahaushe zai ji in an ce masa siyana? Na gyara hula na ce, "Ba siya. Mun riga mun siya."

Ya ce, "La, la. Siyana." Ya buɗe jaka, ga buroshi, ga ɗan famfon hura iska, ga sukuddireba iri-iri. Na ce a raina ka ga har ya baje haja. Na tambayi kuɗin buroshin don in ji kawai, na ce ya yi tsada tun bai amsa ba.

Ya ce, "Balash! Balash!" wato kyauta. Ni da na yi karatuna a kasuwa, na san abin da ke biyo bayan balash. Na ba shi ruwan sanyi, don ba a san ni da rowa ba, na raka shi har titi. Yana tafe yana waiwaye yana cewa Murzuk za shi, daga can sai arewa. Na ce Allah ya ba da kasuwa.

Da Daktora ta dawo na ba ta rahoto cewa na kori wani ɗan talla mai naci. Ta sa mini albarka, ta ba ni ƙunshin dabinon Zigan lada.

Ranar duba matata, ni ina bayan labule don fassara. Na ji an kunna na'ura, na ji matata na karanta duk addu'ar da ta sani. Can sai na'urar ta yi wani nishi irin na tsohuwar akuya, ta ɗauke. Aka sake kunnawa, ta sake ɗaukewa. Daktora ta leƙo, ta ce bayan na'urar ya yi zafi kamar tanda, ta ce ita abin da ya ɗaure mata kai, me ya hana injiniyan kamfani zuwa siyana, ga lokacinsa ya wuce?

Kalmar nan ce dai, amma yau a bakin wadda ba ta sayar da komai. Na ce, "Daktora, wannan siyanar, dogo ne mai jaka?"

Abin da ya biyo baya Larabci ne mai zurfi, irin wanda ba a koyarwa a kasuwa, amma na fahimce shi sarai. Ashe siyana ita ce kula da abu tun bai lalace ba, kamar juyen mai a mota. Ita ce yatsa na uku. Kuɗinta an riga an biya tun farko, shi ya sa mutumin ke cewa balash. In aka tsallake zuwansa, kamfani zai zare hannunsa daga duk wani gyara. In kuwa aka kira shi takanas daga Tarabulus, abin da za a biya ya fi wutar da zan tattala daga nan har tashin ƙiyama, a ƙasar da wutar ma kusan kyauta ce.

Sai muryar matata daga ciki, tana rawa: "Malam, me take cewa? Wani abu ne ya sami cikin?"

Tafinta ba ya cin amana. Na ce, "Ta ce mijinki jaki ne."

Ta ce, "Wannan na sani. Cikin fa?"

Daktora ta sa abin sauraro a kunne, ta ce zuciya na bugawa, amma girman nan sai an gani da ido. Ban tsaya jin ƙari ba. Na suri ƙunshin dabinon nan na nufi tashar da motocin Murzuk ke tsayawa, na tare a can ina leƙa kowace mota kamar ɗan kwastan. Washegari da la'asar na hango shi yana shan shayi, jakarsa a kan cinya, motar arewa na lodi. Na durƙusa a gabansa, na zuba duk Larabcin da na mallaka, har da "rage mini". Ya dube ni, ya gane ni, ya ce, "Siya, siya?" Ashe wani direba ɗan Agadas ya warware masa abin tun a hanya, kuma duk inda suka yada zango da labarina ake shan shayi. Ya yi dariya har ya ƙware. Da na kwatanta masa cikin matata da hannu biyu, sai ya ajiye kofin, ya ɗauki jaka. Dabinon ma ya karɓa, bai ce ya yi yawa ba.

Ya kwance bayan na'urar, ya zaro wani abu kamar kitson da ya shekara ba a tsefe ba. Rabi yashin tagata ne, rabi wani jan gashi. Ya ɗaga shi sama yana tambayar wace dabba ce wannan. Bargon na rataye a ƙusa, kowa na ganin sa. Ya goge da buroshin nan mai tsada, ya hura, ya ɗaure, na'ura ta tashi tana numfashi lafiya lau.

Aka sake kwantar da matata, na koma bayan labule. Sai hannun Daktora ya ɓullo ta gefen labule, yatsu biyu a tsaye.

Na ce, "Na sani, Daktora. Takarda da man shafawa. Wannan ban manta ba."

Dariyarta sai da ta fito da masu jira daga zaure. Ta ce, "Ya Haj, biyu ne a ciki! Kowanne da zuciyarsa, kowanne lafiya." Wannan ce fassarar da ban yi ba a duk aikina, domin kafin in buɗe baki matata ta riga ta fara kuka da dariya a haɗe, ni kuma na zauna daɓas a ƙasa ina hamdala.

Daga ranar Daktora ba ta sake gaya mini magana ba sai ta sa na maimaita, kuma ta hana ni gyaɗa kai a bakin aiki. Taga ta rufu, bargo ya koma gida jiran masu shi.

Da muka fito, muna tafe a hankali saboda nauyinta, sai ministan da ke cikina ya farfaɗo. Na shiga yi mata lacca. Na ce ta lura da kyau, ilimi ne zan ba ta kyauta: duk abin da mutum ya mallaka, sayensa ba shi ne ƙarshe ba, wanda bai ware wa siyana kasonta ba, shi da asara sun ƙulla zumunci. Na ce mutane da yawa ba su san haka ba.

Ta tsaya, ta dafe ƙugu, ta dube ni daga hula har takalmi.

Ta ce, "Madalla da Malam ya gane. Ni ma sau ɗaya ka biya sadaki. Zanen nan na jikina da shi aka kawo ni daga Damagaram, to yaushe ne ranar tawa siyanar?"