Kifin Lagdo da na kasa ci

Mun tashi da asuba daga Garwa, ni da abokin aikina, da laftof ɗina da dunƙulen waya a buhu. Wata makarantar kuɗi ce a Lagdo ta kira mu mu zuba wa kwamfutocinta sha biyu sabon sistem. Kafin Ngong jandarma ya leƙa buhun, ya tambaya ko igiyar shanya muke talla. Daga Ngong babur muka hau, mai babur ya ce buhun ma fasinja ne, sai da muka biya masa kujera. Tun ba mu ga ruwan dam ba hayaƙin banda ya tarye mu.

Ni ba na bin kwamfutoci ɗaya-ɗaya da filash. Laftof ɗina nake mayarwa uwa, in haɗa su duka da waya. Duk wadda ta tashi sai ta nemi sistem wurin uwar, ta share cikinta, ta zuba sabo. Akwai tambayar da take yi kafin ta share. Na cire ta da hannuna, don in gama kafin azahar in tafi bakin ruwa cinikin kifi.

A kusurwar ɗakin kwamfutocin akwai ta sha uku, ta wani tsohon malamin tarihi. Shekara da shekaru yana bin dattawa yana rubutawa a cikinta yadda kakanninsu fatake suka zo suka zauna a bakin Binuwai. Yawancin dattawan nan sun rasu.

"Ɗana, wannan kada ka taɓa min ita," in ji shi.

"Haba Baba, ko kallonta ba zan yi ba."

Na ga wayarta jone da sauran. Na ce anjima zan zare. Aka kawo mana shinkafar garin da soyayyen karfasa, na manta.

Muna ci aka ɗauke wuta, ta dawo. Duk suka tashi, har da tasa. Kafin in wanke hannu ta gama aikin da na koya mata.

Baba ya buɗe tasa, babu komai. Ba shi da kwafi a ko'ina. Ya dube ni.

"Kuran ne, Baba," na ce. "Wutar lantarkin nan ce ta cinye."

Ya yi salati. Sannan ya ce, "Kai ma an ɓata maka yini." Da za mu tafi ya biyo mu da banda a leda, ya ce in kai wa iyali.

Muka dawo Garwa, ni da abokina. Ya san ba wuta ba ce.

Tafiyar nan ta nuna min gaggawata ta yi ɓarna, amma ƙaryar da gangan na yi ta, ga wanda ya kira ni ɗansa. Na mayar da tambayar nan cikin uwar. Baba kuwa ban iya kiransa ba.

Sau uku ke nan maiɗakina tana tambaya yaushe za a yi miya da kifin. Yana nan rataye a kicin.