Zumar da Ta Sauka a Kan 'Yata

Ko zan tsufa har in riƙa manta abin da na karya da shi da safe, akwai wani yini na kaka da ba zai taɓa fita daga raina ba. Har yanzu in na ji gunjin ƙudan zuma, ko da guda ɗaya ne yake zagaya bakin kwanon fura, sai in ji tsigar jikina ta tashi, in ajiye abin da nake yi in bi shi da kallo.

Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, kanal ta ruwan noman rani ta ratsa ta gabanmu, wani dutse kuma ya tokare mu ta baya. Ba wani babban dutse ba ne, amma a wurinmu shi ne dutse. Rema na shan hantsi a kansa, fakara na kuka a gindinsa, kuma kowa ya san akwai zuma a cikin kogunansa tun zamanin kakanni. Ba a wasa da zumar dutsen nan. Ta taɓa rutsawa da wani jaki da aka ɗaure a kusa, kafin mai shi ya zo ya kwance shi rai ya yi halinsa. Da wannan labarin muka tashi.

A lokacin ina da goyon fari, 'ya mace, ko zama ba ta fara ba. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki. Akuya ta sa baki a tsakin da na shanya, sai unguwa ta ji. Kaza ta shiga min ɗaki, har maƙwabta sai sun san laifinta. Amma a kan yarinyar nan bakina a ɗinke yake, saboda kunyar ɗan fari. Ba na kiran sunanta, ba na yi mata wasa a gaban mutane, in tana kuka a gaban uwar mijina, wadda muke kira Iya, sai in kau da kai kamar ban ji ba, har sai Iya ta ɗauko ta ta dangwara min ta ce, "Ke, karɓi ki ba ta ta sha." Sannan in karɓa ina wani ɓata fuska. A zuci kuwa, Allah kaɗai ya san yadda nake jin ta.

Kakar shekarar nan ta zo da wani irin yanayi mai wuyar sha'ani. Da safe raɓa ta jiƙa ciyawa sharkaf, har ka ɗan ji sanyi-sanyi. Hantsi na dubawa rana ta buɗe, zafi kamar a bakin murhu. Can da yamma sai hadari ya haɗo ta gabas, ya yi baƙi, ya yi ta ruri, sannan ya watse bai zubar da ko ɗigo ba. Shamuwa ta riga ta tafi, amma tsofaffi suna cewa da sauran ruwa ɗaya a sama. Shinkafarmu kuma an yanke, tana zube a gona. Don haka Baba, wato uban mijina, ya sallami ɗalibansa na allo da wuri, ya ce kowa ya fito a gama bugu da sheƙa kafin sama ta canza shawara. Shi ya sa har ni mai jego-jego na bi Iya gona.

Gonar tana kusa da gindin dutsen. Maza suna can gefe suna buga shinkafa a jikin durom, mu mata muna sheƙa a kan tamfol. Belbelu sun yi fari fat a inda aka yanke suna tsintar fara, shirwa na shawagi a sama. Ƙaiƙayi ya dami yarinyar a bayana, tana ta mutsu-mutsu, sai Iya ta ce in je in kwantar da ita nesa da ƙura.

Akwai wani ɗan matashin gawo a kan kunyar gona. Kun san halin gawo, duk damina tsirara yake, sai ruwa ya ɗauke yake fara ganye. Ya fara toho har da 'yan furanni, amma inuwarsa ba ta kai ta kare jariri ba. Sai na shimfiɗa buhu, na kwance zanin goyo, na ɗaura bakinsa biyu a wani reshe da ya sunkuyo ƙasa, sauran bakin biyun na tura su ƙarƙashin buhun, na kwantar da ita a kai don nauyinta ya danne kada iska ta ɗaga. Ya zama 'yar rumfa. Har ina yaba wa kaina dabara, na koma bakin aiki.

Rana ta take tsaka, iska ta ɗauke ɗif. Mai sheƙa kuwa ba ta da abin yi in babu iska. Muna tsaye da ƙorai a hannu muna jira, sai muka ji wani gunji daga wajen dutse. Na ɗauka injin ban ruwa wani ya tayar. Da na ɗaga kai sai na ga wani abu baƙi yana tahowa a sama, yana murɗawa yana warwarewa, faɗinsa ya fi rumfar kasuwa. Wata daga cikin matan ta ce, "Zuma! Ku kwanta!" Duk muka zube a kan tamfol muka rufe kawuna.

Zumar ta wuce ta kanmu, inuwarta ta gifta, gunjin ya cika kunne. Sannan ya fara raguwa. Na leƙo ta ƙarƙashin ɗankwali don in ga inda ta nufa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Gawon nan ta zagaye. Ina kallo da idona tana sauka a kan reshen, daidai inda na yi ƙulli, tana taruwa, tana gangarowa cikin zanin, har ta yi wani ƙaton curi kamar an rataye tulu. Zanin ya lotsa saboda nauyi. Tsakanin ƙasan curin da fuskar yarinyar bai fi tafin hannu ba, ita kuwa tana ta barcinta.

Na zabura zan kwarma ihu in ruga. Ban san Iya tana da ƙarfi haka ba. Ta damƙe min hannu, ɗaya hannun ta toshe min baki, ta kawo bakinta kunnena ta ce, "Kika yi ihu, kin kashe ta. Kika yi gudu, kin kashe ta. Kin ji ni?" Na gyaɗa kai, hawaye na zuba a kan yatsunta.

Kafin ka ce me, maza sun iso. Maigidana ya riga ya cinna wa damin karan shinkafa wuta, ya taho da shi yana hayaƙi, idonsa jajur. Iya ta sha gabansa.

"Ina za ka da wutar nan?"

"Iya, hayaƙi zan yi musu su tashi."

"Su tashi ko su zubo? In suka saki zanin nan a kan wa za su faɗa? Kashe ta, tun kafin warin ya kai musu."

Ya juya ya tsoma damin a ruwan kwatar da ake ban ruwa da ita. Wani ya ce a lallaɓa a janyo yarinyar. Nan na tuna da dabarata. Na ce musu nauyinta ne ya riƙe zanin, ana ɗaga ta zai suɓuce, curin ya faɗo. Baba ya koma gefe ya zauna a kan kunya, ya fuskanci gabas, leɓunansa na motsi.

Iya ta ce, "Waɗannan ba faɗa ya kawo su ba. Ƙaura suke yi, gida ya yi musu kaɗan suka rabu. Matafiya ne, sun yada zango su huta. In ba a taɓa su ba za su tashi da kansu."

Na ce, "Yaushe, Iya?"

Ta ce, "Wannan sai wanda ya halicce su."

Muna tsaye cirko-cirko a rana, sai na ga ƙafar yarinyar ta motsa. Na san wannan motsin. Daga shi sai miƙa, daga miƙa sai kuka, in ta fara kuka kuwa hannu da ƙafa take wutsil-wutsil, duk abin da ta samu ta cafka ta ja. Iya ma ta gani. Ta juyo ta dube ni, irin kallon da ba ta taɓa yi min ba, ta ce, "Yau babu kunya. 'Yarki ce, ke kaɗai za ki iya sa ta yi shiru. Shiga ki ba ta nono. A hankali, da rarrafe. Kada ki hura musu numfashi. Ko a cikin idonki ɗayansu ya sauka, kada ki kore shi."

Wallahi ban san yadda na isa ba. Na dai san na bi ƙasa da ciki, guntayen karan shinkafa suna soke min gwiwar hannu, ƙayar gawo ta shige min tafi ban ko tsaya cire ta ba. Na zura kaina ta buɗaɗɗen gefen rumfar, na kwanta a gefe ɗaya, na matsa a hankali har jikina ya taɓa nata. Ta buɗe ido, ta taɓe baki za ta fara, na sa mata nono. Ta kama. Na lallaɓa na riƙe ɗan hannunta na sama a cikin nawa.

Sai a lokacin na ɗaga ido na dube su.

Jama'a, na sha jin malamai suna karanta surar da aka saukar da sunan wannan halitta, amma ranar na san ban taɓa ganin zuma ba. Ashe ba a kan zanin suke zaune duka ba, junansu suka riƙe, ƙafa cikin ƙafa, na sama suna ɗauke da na ƙasa, babu mai saki. Curin gaba ɗaya yana motsi a hankali kamar mai numfashi. Ɗuminsu yana sauko min a kunci, ga wani ƙamshi kamar na sabuwar saƙar zuma. Gunjin kuwa ba a kunne nake jin sa ba, a ƙirji nake ji. Wasu suna tashi su tafi, wasu su dawo su sauka a bayan 'yan'uwansu suna karkaɗa jiki suna zagayawa, sauran su matso su kewaye su kamar masu sauraron labari. Tsoro bai bar ni ba, amma wani abu ya shigo ya zauna kusa da shi. Na sami kaina ina cewa subhanallahi a zuci, ba don neman tsari kaɗai ba, don abin da nake gani.

Suka fara sauka a jikina. Ɗaya a goshi yana shan gumi, biyu a wuya, wani ya bi ta bayan kunnena. Ni da ƙuda ba ya gifta min ban kai masa mari ba! Sannan wani ya sauko ya dira a kumatun yarinyar, kusa da bakinta, inda nono ya ɗan zubo. Ina ganin gashin jikinsa, ina ganin cikinsa yana bugawa. Ta daina tsotso, ta juya ido tana neman abin da ke yi mata tafiya. Shi kuwa ƙudan zuman bai tashi ba. Ya taɓa ɗigon nonon, ya ɗan yi jim, ya goge fuskarsa da ƙafafun gaba, ya tashi ya koma cikin 'yan'uwansa. Ita kuma ta ci gaba da sha, har barci ya sake ɗauke ta.

Ban san tsawon lokacin da na yi a kwance ba. Gefen jikina ya mutu, ƙishirwa ta busar min da maƙogwaro. Na dai ga inuwar gawon ta matsa, na ji kiran sallar la'asar sama-sama daga cikin gari. Sai wata 'yar iska mai sanyi ta taso daga gabas, irin wadda take riga hadarin yamma. Zanin ya kaɗa. Na ce shi ke nan, tamu ta ƙare, na sunkuya na rufe ta da jikina.

Gunjin ya canza, ya yi sama, ya ƙara kaifi. Curin ya fara zubewa, amma ba ƙasa yake zubowa ba, sama yake yi. Suna ɓallewa suna tashi, suna ɓallewa suna tashi, iskar fukafukansu tana kaɗa min gashin ido, har zanin ya saki ya koma yadda na ɗaura shi, haske ya shigo. Na leƙa na gan su sun game sama, sun yi zagaye ɗaya a kan gonar, suka miƙe suka bi ta bayan dutsen. Ko ɗaya bai harbe mu ba, daga ni har ita. Abin da suka bari kawai 'yan ɗigo-ɗigon farin kaki ne a jikin zanin.

Ai fa nan bakina ya dawo. Na suri yarinyar na ƙanƙame, na fasa kukan da tun da nake ban taɓa yin irinsa ba, ina sumbatar ta ina kiran sunanta, ina "Wayyo 'yata! Wayyo 'yata!" a gaban Baba, a gaban maigidana, a gaban duk mazan da ke gonar. Ita da ta yi barcinta lafiya a ƙarƙashin zuma, ihuna ne ya firgita ta ta tsala kuka. Iya ta zo tana share ido da bakin mayafi, ta ce, "To, marar kunya, ashe kin san sunanta. Miƙo min ita kafin ki ƙarasa abin da zuma ba ta yi ba." Aka yi dariya, har da masu hawaye. Baba kuwa ya je bakin kwata ya yi alwala ya yi sujada a kan kunyar gona, ya daɗe bai ɗago ba.

Yarinyar nan yanzu ta isa aure, har tana koyar da ƙananan yara a Islamiyya. In na ba ta labarin sai ta yi dariya ta ce ita ba ta san an yi ba.

Abin da ranar ta koya min shi ne, da ina ganin uwa da ƙarfinta da zafin namanta take kare ɗanta. Ranar da ran 'yata ya rataya a tafin hannu ɗaya, duk abin da na iya, ihu, gudu, dabara, kowanne kashe ta zai yi. Abin da aka bar min kawai shi ne in kwanta kusa da ita in yi shiru, in bar wanda yake tafiyar da zumar ya tafiyar da ita. Na haife ta, na shayar da ita, amma tun daga ranar na san ba ni nake tsaron ta ba.