Baba Tabita da rigar da ta tsaya a kafaɗa

Kowa a Tafoki ya san inda zai sami Baba Tabita da hantsi. Ta gama share tsakar gida, ta zuba wa awaki dusa, ta ɗauko kujerarta ta zauna a gindin tsamiyar ƙofar gida, tsinkayen saƙa biyu a hannu, ƙullin ulu a cikin ƙwarya don kada kaji su ja shi. Za ta gaishe ka, ta tambayi mutanen gidanku ɗaya bayan ɗaya, ta yi maka faɗa a kan ramar da ka yi, duk ba ta dubi hannunta ba.

Kaɗi da mazari ta gada wurin kakarta. Saƙa kuwa a asibitin mishan ta koya, shekarar da ta yi jinyar mijinta, marigayi Ɗanasabe, wurin wata ma'aikaciya da ta ga zaman ya ishe ta. Da ta dawo gida ba ta da tsinke, sai ta sa mai gyaran keke ya cire mata waya biyu daga tsohuwar ƙafar keke, ta goge bakinsu a dutse. Da su take aiki har yau, shekara talatin da wani abu. Ba sana'a ba ce, ba ta taɓa kai ko safa ɗaya kasuwa ba. Na taɓa tambayarta dalili, ta harare ni.

"Kai kana saida barcinka?" in ji ta. "To ni nan nike hutawa."

Ke ce mai hular jarirai, Baba. Ba a haifi yaro a garinmu ba, na masallaci ko na coci ko na gidan da ake bin al'adar kakanni, da ya kai kwana bakwai ba tare da hularki a kansa ba. Ni ma da ita aka yi sunana. Suwaibatu matar liman har yanzu tana ba da labarin bakwainin da ta haifa cikin sanyi, kansa bai fi lemo ba, Baba ta zauna a bakin ɗaki ta saƙa masa hula da safa kafin la'asar. Yau yana aji biyar.

Ba ta san tef na awo ba, ba ta kuma yarda da shi. Da taƙi take awo, tazarar babban yatsa zuwa na tsakiya, kuma sai a jikin mai rigar. Aike ba ya yi. In kana son rigar sanyi, ka zo ka durƙusa ta dafa kafaɗarka.

Sai shekarun nan na arzikin man fetur suka zo. Babura suka cika hanyar Faskari, kasuwar Daudawa ta cika da rigunan kanti masu sheƙi, samari suka ajiye fartanya suka nufi birni. Cikinsu har da Tanimu, ɗanta ɗaya tilo, sa'ana, wanda ya tafi Legas aikin sauke siminti a tashar jiragen ruwa yana ɗan shekara goma sha tara. Shekara biyar ke nan bai tako Tafoki ba.

Bara waccan ya aiko da ƙunshi ta hannun wani direba: rigar sanyi ta kanti, shuɗiya, mai kauri, da wasiƙa. Ni na karanta mata. Ya ce yana lafiya, ya ce yanzu komai akwai shi a kanti, ta huta da wahalar saƙa haka nan. Da kyakkyawar niyya ya rubuta, na sani. Amma na ga fuskarta, na yi da-na-sanin karanta wannan layin.

Kwana uku tana juya rigar, tana yaba ulun. A na huɗu ta nemo bakin zaren ta warware ta tas, ta jiƙa ulun ya miƙe, ta naɗe shi, ta ɗora sabuwar riga a kan tsinke. Ta Tanimu.

Jikin rigar ya daɗe da kammaluwa, hannaye ma haka. A kafaɗa ta tsaya, don wanda ta sani yaro ne ɗan goma sha tara, ba ta san faɗin mutumin da ya zama ba. Ga shi yanar ido ta fara rufe mata gani. Likita a Funtuwa ya ce na hagu ya tafi, na dama ma yana bin sa.

Da na je gida hutun da ya wuce daga makarantar da nake koyarwa, ta kira ni.

"Audi, zo ka zamna nan. Kai da Tanimu sa'o'in juna ne."

Na durƙusa. Ta bi kafaɗata da yatsu, taƙi ɗaya, biyu, da ɗan ƙari, ta sake bi. Na ɗauka shi ke nan, an samu mafita. Sai ta janye hannu.

"A'a. Kai alli kake ɗauka, shi siminti. In na yi mashi da awonka, ta matse shi." Ta mayar da rigar cikin ƙwarya. "Bari dai ya taho."

Ba na jin kunyar faɗi cewa na yi hawaye a hanya.

Mun gode, Baba Tabita. Kin rufe kawunanmu tun ba mu san sanyi ba, ba ki tambayi addinin gidan kowa ba. 'Yan matanmu, ku je gindin tsamiyar nan ku zauna, ku karɓi tsinke a hannunta tun tana iya ganin kuskurenku. Mu kuma da ke birni, mu rage aike, mu riƙa zuwa da kanmu.

Kai kuma Tanimu, ko duk wanda ya san inda yake a Legas ya karanta masa wannan: ba ta fushi da kai, ba ta kuma neman komai daga kanti. Aikin wuni biyu ya rage a rigarka, kuma ido ɗaya ya rage mata. Ka zo ka durƙusa ta auna ka.