Turmin Da Malam Ya Kife

Da me zan ragu da na leƙa sau ɗaya? Bana shekara goma sha uku ke nan da rasuwar maigidana, har yau ban sami amsa ba. Ni ban yi karatu ba. Mai rubuta wa mutane wasiƙa a kasuwar Tambuwal na sa a gaba, ina faɗa yana rubutawa, in kuka ya ci ƙarfina ya ajiye alƙalami ya jira.

Malam, maigidan nawa, ya yi shekaru yana ja wa Turawan awon ƙasa sarƙar awo, daga Dogon Daji har dajin Kebbe. Da aiki ya ƙare, suka sallame shi da wani tsohon madubin hangen nesa wanda gara ta cinye wa ƙafafu. Ba abin da yake so kamar ya ga jinjirin wata da shi, da taurarin da manoma ke lissafin damina da su. To, amma abin ba ya son motsi. In ya riƙe a hannu, sai wata ya yi ta rawa. Ya kafa icce a bayan gida, akuya ta sosa jiki ta karkatar da shi. Siminti kuwa sai ginin gwamnati.

Wata rana na dawo daga biki, na tarar ya yi ginshiƙi da tubali da duwatsu, ya kife turmina a kai, ya liƙe da laka, ya shafe da makuba, ya ɗaure madubin a gindin turmin. Turmin ƙirya ne, mahaifiyata ta sa aka sassaƙa mini a Kebbe, na zo da shi gidan aure. Gaskiya ya tsage, na daina daka a ciki. Amma shi kaɗai ya rage mini daga hannunta.

Ya ce, “Hajo, taho ki ga in da mai motsa shi!”

Na ce, “Wallahi ba ni sa idona ga abin ga har in mutu.”

Magana zarar bunu ce. Washegari ya sayo mini sabon turmi, ya ba ni haƙuri, na haƙura. Liman ya ce in ciyar da miskinai goma, rantsuwar ta warware. Gero muna da shi. Girman kai ne ya hana, ko kunyar a ce na sauko? Shekara tara maƙwabta suna shigowa suna leƙawa suna salati, ni ina bakin murhu na juya baya.

Yanzu an ce labarin ganin wata ta waya yake zuwa daga Sakkwato. Na san da yana raye zai yi dariya ya ce a bar waya ta huta, ga ido. Masu taron siyasa da ke cika kasuwa kuwa, ina jin zai tambaye su wane tauraro ake ciki kafin ya saurare su.

Ginshiƙin yana nan. Kowace kaka nakan sake masa yaɓe da hannuna. Da na fita takaba na ciyar da miskinan, na je na sa ido. Ashe yanar ido ta riga ta rufe mini gani, fari kawai na gani. Da na sani ƙeya ce. Abin da ya bari ba dukiya ba ce. Ya bar mutanen unguwa da ke ɗaga kai sama in magariba ta yi, ya bar mini haƙurin da bai taɓa yi mini gori da shi ba.

A shekarar da ya rasu, ranar ashirin da tara ga Sha’aban, ciwo ya hana shi tashi. Yana kwance a tabarma a ƙofar ɗaki, ya ce in taimaka in duba masa wata. Na je wurin madubin, na sunkuya, na runtse ido saboda rantsuwata. Na dawo na ce na gan shi, siriri. Ya dube ni ya yi murmushi. Kafin asuba Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Abin da ya ce mini na ƙarshe shi ne:

“Sannu, Hajo, na gode. Gobe in za ki duba, ki fara cire marfin.”