Ranar da Mai Gari Ya Gaisa da Wayata

Na daɗe ina riƙe da alli, kuma ranaku da yawa sun shige sun bar ni ba tare da na san inda suka nufa ba. Amma ranar da mai gari ya shigo ajina ya gaisa da wayata, wannan kam har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba.

A lokacin ina koyar da Turanci a wata ƙaramar sakandare a wani ƙauye na ƙasar Shagari. Gidanmu kuwa a Boɗinga yake, inda Inna, mahaifiyata, take kwance da ciwon ƙafa da hawan jini. Sai ƙarshen mako nake ganinta. Na nemi canjin wurin aiki har masinjan ofis ya daina tambayata abin da ya kawo ni. Daga baya aka ce akwai gurbin malamin Turanci a wata makaranta a Boɗinga, amma wanda ya kawo shaidar ƙarin horo shi za a fara dubawa. Abin da ya sa ke nan na shiga wani kwas na koyar da Turanci ta intanet. Ba ƙishin ilimi ya kai ni ba, so nake in kwana gida ɗaya da uwata.

Kwas ɗin gaba ɗayansa magana guda yake nanatawa: malami ya rage surutu, ya bar ɗalibai su yi magana. Wanda ya tsara wannan bai san ɗalibaina ba. Yara ne masu ladabi har ya yi yawa. In na ce su maimaita bayana, sai rufin kwano ya amsa. In na nuna mutum ɗaya da tambaya, sai ya gano wani abin sha'awa a ƙasa ya tsura masa ido.

Jarrabawar ƙarshe ita ce malamar kwas ɗin ta kalli darasina kai tsaye ta waya, na ɗan lokacin da bai kai rabin awa ba. Dama ɗaya ce. Wanda ya faɗi sai baɗi, gurbin Boɗinga kuwa ba zai jira baɗi ba. Na shirya darasi a kan yadda ake kwatancen hanya, na bi shi na sake bi har ina iya yinsa ido rufe. Sannan na je wurin shugaban makaranta in roƙe shi a hana hayaniya kusa da ajina, saboda akwai baƙuwa da za ta kalli darasi.

"Baƙuwa? Daga ina?" in ji shi.

"Daga ƙasar waje, ranka ya daɗe. Amma ta waya za ta gani."

"To madalla. Allah shi kawo ta lahiya."

Na fito ina yaba masa da saurin fahimta.

Ranar ta zo cikin zafin bazara, ana tsakiyar cirar albasa. Na jingina wayar a kan taga, wurin da sabis ya fi zama. Malamar ta bayyana, dattijuwa mai tabarau, ta ce ba za ta yi magana ba, kallo kawai za ta yi, in ɗauka ba ta nan. Na gama rubuta kan darasi a allo ke nan sai na ji sallama. Shugaba ne a gaba, bayansa mai gari, sai liman, sai shugaban iyayen yara, sai wasu mutum biyu ɗauke da buhun albasa. An ma taho da kujera.

"Ina baƙuwat take?" in ji mai gari.

Shugaba ya nuna taga. Kada a ɗauka mai gari baƙon waya ne, yakan yi magana da ɗansa da ke Legas ta bidiyo. A wurinsa dai, wanda ya ga fuskarka ka ga tasa ya zo garinka ke nan. Aka gyara masa kujera daidai gaban wayar, ya zauna ya tattara babbar riga.

Na raɗa wa shugaba cewa lokaci ƙidayayye ne. Ya dube ni kamar na zagi wani.

"Malam, baƙo shi zo garin mutane ba a gaishe shi ba? Mi za ta ce in ta koma?"

Ban taɓa jin inda malamin makaranta ya ce wa mai gari ya fita ba, kuma ban yi niyyar zama na farko ba. Na tsaya da alli a hannu ina kallon Boɗinga tana nisa.

"Sannu da zuwa," in ji mai gari. "Kin zo lahiya? Ina gajiya? Kin baro mutanen gida lahiya?"

Malamar ta dube ni ta saman tabarau. Mai gari ma ya dube ni. Darasi dai ya riga ya mutu, sai na ga gara in ceci abin da ya saura. Na juya ga aji na tambaya da Turanci ko akwai wanda zai faɗa wa baƙuwa abin da aka ce. Kowa ya koma ga abin sha'awarsa na ƙasa. Da shugaba ya yi wa mai gari bayanin abin da nake nema, sai mai garin ya leƙa layin baya ya kira jikanyarsa.

"Ke! Ba kullum kike hita da littahi kina cewa kin tai makaranta ba? Tashi ki hwaɗa mata."

Tun farkon zango ban taɓa jin muryar yarinyar nan ita kaɗai ba. Ta miƙe tana murza bakin hijabi, ta saki Turanci mai ɗingishi, amma ya isa inda aka aike shi. Malamar da ta ce ba za ta yi magana ba ta amsa, har ta tambayi lafiyar iyalinsa. Yarinya ta mayar da Hausa. Mai gari ya gyaɗa kai, ya dubi liman.

Liman ba zai yarda a ce ɗansa ba ya jin komai ba, ya tashe shi. Shugaban iyayen yara ma ya tashi nasa. Gaisuwa ta ƙare aka shiga hira: ko ana samun ruwan sama a ƙasarsu, ko suna noman albasa. Da malamar ta ce a kanti take sayen 'yan ƙwayoyi kaɗan, aji ya fashe da dariyar tausayi. Ta tambaya yadda ake ajiye albasa ba ta ruɓe ba. Nan fa gardama ta kaure, wannan yana gyara wa wancan, kowa yana laluben kalma don kada a ba da garinsu. Wani ya fito ya goge kan darasina ya zana rumfar kara da ake shanya albasa a ciki. Ni ina bakin ƙofa, ba wanda ya nemi shawarata.

Daga nan aka jawo buhu gaban taga, domin baƙo ba ya komawa hannu sake. Malamar ta dafa ƙirji ta yi godiya, ta ce a raba wa yara. Liman ya ɗaga hannu ya fara addu'a. Ana cikin addu'ar lokaci ya cika, fuskar wayar ta yi duhu, mu kuwa muka ci gaba da amin har ya shafa.

Ƙarshen makon na je gida da baƙin ciki kamar in yi kuka. Inna ta tambaya, "Kun yi jarrabawat taku?" Na ce mun yi. Ta ce, "To, in rabonka na, ba ya wuce ka." Na gyara mata matashi.

Da sakamako ya fito, na ci. An rage mini maki saboda ban koyar da darasin da na shirya ba. Amma malamar ta ce ta ji muryar ɗalibai fiye da tawa, kuma sun yi magana ne don suna da abin faɗa. Ta tambaya yadda na yi dabarar gayyato dattawan gari. Na ce mata shugaban makarantarmu ne ya tsara. Da na gaya masa, cewa ya yi, "Ai na sani."

Kafin damina aka mayar da ni Boɗinga. Na sami damina biyu tare da Inna, ni ke kai ta asibiti, ni ke zuba mata ruwan alwala, kuma ranar da ta cika ina zaune a gefenta, ba aike aka yi mini ba.

Abin da na koya shi ne yaro ba ya buɗe baki don malami ya ce ya buɗe. Sai ya ga wani yana jiran maganarsa, kuma in bai faɗa ba babu mai faɗa. Tun daga lokacin, in aji ya yi tsit, ba na ƙara ɗaga murya. Nakan nemo musu wanda zai saurare su, in koma bakin ƙofa in tsaya.