Baƙon Kalgo da Darasi Ɗaya

Maigidana malamin lugga ne a Gwandu. Ka'idar zaurensa ita ce ɗalibi ke zaɓen darasinsa, kuma ba a tambayar mai neman ilimi ɗan wane ne. Ni daga bayan zana nake jin karatun, ina tsince wake. Sai ya ɗauki harufa uku na Larabci ya yi ta fitar da kalmomi daga cikinsu har a kira magariba.

Shekarar da gero ya yi tsada, lokacin mulkin soja, wani magidanci ya fara zuwa daga Kalgo kowace ranar kasuwa. Tun ganin farko ban yarda da shi ba. Tafiyarsa sak ta yayan Malam, wanda ya bar gida da fushi tun kafin a kawo ni, ya rasu a can Kalgo ba a raba gonar Masama ba. Gonar nan kuwa ita ke ciyar da mu da 'ya'yanmu.

Na ce, "Malam, baƙon nan naka fa da walakin."

Ya ce, "Ke dai kin cika zargi. Mi ya yi miki?"

"Bai yi ba tukuna."

To, wane irin ɗalibi ne ba ya gaba? Kowa na sauya darasi, shi kullum ra'un, ha'un, mimun. Malam kuwa abin nema ya samu. Rahama, jinƙai. Rahimu, mahaifar mace. Arhamu, dangin da suka fito ciki ɗaya. Marhumu, mamacin da ake roƙa wa jinƙai. Baƙo sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta Malam, a maimaita mini." Kai, ladabin nan ya fi komai ba ni haushi! Rannan ma na leƙo na gan shi ya tsare mai kai mana taki, yana tambayarsa iyakar gonar.

Na sake faɗa. Malam ya ce ko ɗan wane ne, ba a korar ɗalibi. Na aika wa baƙon tuwo da ƙanzo, ya cinye tas ya yi godiya.

Ana gab da girbi, ranar zaure ya cika har waje, baƙon ya ce, "Allah gafarta Malam, wanda ya yanke arhamu, yana da rabo cikin rahama?"

Na saki faifan wake. Da ana shiga zauren maza da na shiga na toshe bakin Malam. Ina! Ya riga ya buɗe murya yana bayanin cewa tushensu ɗaya, mai yanke wannan ya yanke wa kansa wancan.

Sai baƙo ya ce, "Baba, ni ɗan yayanka ne. Rabon marhumu na zo nema."

Malam bai iya lashe abin da ya faɗa gaban ɗalibansa ba. Ya ce a je Masama gobe a ja igiya a raba gonar.

Da ya shigo gida ban ce masa na faɗa ba. Haƙƙinsu ne, na sani, amma raina ya ɓaci ƙwarai, har yau bai gama hucewa ba. Rabin geron da muka yi wa noma uku aka ɗora a mota zuwa Kalgo. Kafin damina ta zagayo, ni ce na riƙa ce wa yara su sha ruwa su kwanta.