Munduwar Inna

Ni na cire wa kakata munduwarta da hannuna, da sabulu da ruwan ɗumi, a tsakar gidanmu na Durun. Mun daɗe muna fama, don tun tana budurwa aka sa mata ita, ga shi tsufa ya kumbura mata gaɓoɓi. Munduwar tagulla ce mai kauri, ta mahaifiyarta, da ita suka shigo ƙasar Kabo suna bin shanu kafin kakanninmu su zauna su kama fartanya. Duk gidan Inna muke ce wa tsohuwar, ita kuma maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika.

A lokacin ina karatun digiri na uku a ƙasar waje, hutu ne ya kawo ni gida. A wani ɗakin binciken nukiliya muke aiki. Akwai na'urar da ke fitar da wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, ana ce musu niyutron. Mukan harba su cikin ƙarfe su ratsa shi su warwatsu, daga yadda suka warwatsu sai mu gane yadda cikinsa ya zauna: ko narka shi aka yi aka zuba, ko duka ya sha a maƙera. Ba a yanka shi, ba a kankare shi. Abokan karatuna kowa na auna kayan kakanninsa, ni ko allura babu daga wajenmu, abin yana ci mini rai. Gaskiya son a sani ne ya ja ni, ina so in ga sunan ƙauyenmu a takardar bincike.

Da munduwar ta fita, Inna ta tsura wa farin zanen da ta bari a hannunta ido. Ta ce, "Maigida, me za su yi mata a can?"

Na ce, "Haska ta kawai za a yi, Inna. Ko ƙwarzane ba za ta yi ba. Da damina zan dawo miki da abarki."

"To, amana ce. Kai da ka taɓa ɓatar mini da akuya a kiwo ka dawo kana waƙa."

Muka yi dariya. Ta naɗe ta a tsumma ta ba ni.

Kwana uku munduwar ta yi a gaban na'urar, sakamakon kuwa ya yi kyau har malamina ya jinjina mini. Sai dai ya nuna abin da ban yi zato ba. Maƙerin da ya yi ta duk abin da ya samu ya zuba a wuta, jan ƙarfe da tutiya, har da azurfa mai yawa. Ni kuwa tagulla kawai na rubuta a takardar neman izini, ban tsaya na gwada ba don ina sauri. Yawancin ƙarafa idan niyutron ya ratsa su sukan ɗauki tururin nukiliya su sake shi cikin 'yan kwanaki. Azurfa riƙewa take yi, sai ta shafe wata takwas kafin rabinsa ya tafi. Na san wannan sarai, tun shekarar farko aka koya mana.

Matar da ke kula da lafiyar ma'aikata ta kara ma'auninta a jikin munduwar, ya kama ƙara. Ta sa ta a akwatin dalma ta kulle. Na roƙe ta, na yi mata bayanin kakata, har na ɗaga murya. Ta bar ni na gama, sannan ta tambaye ni ko na yarda tsohuwa ta sa wannan a fatarta kullum. Na fita na bar munduwar a akwatin.

Da damina ta zo ban wuce Durun kai tsaye ba. Na sauka a kasuwar Gwarzo, na bi rumfunan masu tsofaffin kayan ado har na sami wata mai kama da ita. Na gaya wa kaina tausayin Inna nake ji, kada ta ji an ce abar uwarta ta ɗauki guba. Ƙarya nake yi. Kunya nake gudu, kada a ce mai ilimin gidan ya yi aikin ganganci.

Na sami Inna tana tsince wake. Bayan mun gaisa, ta tambayi hanya da karatu da sanyin ƙasar, na miƙa mata. Ta jinjina ta a tafin hannu, ta shafa cikinta da babban yatsa.

"Ta rage nauyi, maigida."

"Wanke ta aka yi, Inna."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta miƙo hannu na zura mata, ta shige ba ko sabulu. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Har hutun ya ƙare ba ta sake tsokanata ba, ni ma na riƙa kauce wa ɗakinta.

Sai da aka kusa shekara uku kafin a sako munduwar, tare da takardar shaidar cewa ta huce. A tsakanin nan tunanin Inna ya fara guduwa. Ƙanwata takan gaya mini a waya cewa tana kiran mutanen da suka daɗe a ƙasa, tana tambaya ko an shayar da garke, alhali shanun huɗa biyu kaɗai suka rage mana. Duk lokacin da na ce zan faɗa mata gaskiya sai in ce bari dai abar ta zo hannu tukuna, in haɗa da ban haƙuri.

Da hantsi na iso. Tana zaune a tabarma a gindin darbejiya, ta rame ƙwarai. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da ladabi irin wanda ake yi wa baƙo. Duk da haka na faɗi komai, da azurfar, da akwatin, da kasuwar Gwarzo. Na ce ta yafe mini. Na kwance tsumman na ajiye munduwar a gabanta, na kai hannu zan cire ta bogin.

Ta yi maza ta rufe ta da ɗaya hannun. Ta ce, "A'a. Wannan ta innata ce, ba a taɓa cire mini ita ba."

Ƙanwata ta juya baya tana share ido da gefen mayafi. Inna ta ɗauki ta gaskiyar, ta jujjuya ta a rana, ta yaba kaurinta da aikin maƙerin. Sannan ta naɗe ta a tsumman a hankali, ta kamo hannuna ta damƙa mini.

"Malam, wannan kayan mutane ne. Ka mayar wa mai ita da wuri, tana can tana jira."

Na ce, "To, Inna," na karɓa.